Maigidana Ya Bi Layin Waken Lailatu

Hajiya Adisa, don Allah ki taimake ni kafin in fasa tukunya a kan wani. Wake da shinkafa nake sayarwa a bakin titin Nima tun ina amarya. Maigidana masanin tattalin arziki ne. Da yana aiki a ofishin da ke yanka wa 'yan kasuwa farashi, da kansa ya ajiye aikin, wai hukuma ba ta fi mai tumatir sanin tumatir ba. Tun daga nan sai rubutu a jaridu: a sakar wa kasuwa mara, kowa ya saya inda ya ga dama. Shekarun baya da ake kiranmu 'yan kalabule, wato masu tsawwala farashi, ana kifar mana da tebur, shi ya tsaya mana da alƙalaminsa. Wallahi ban manta ba.

To, watan jiya Lailatu, mai haya a gidanmu, ta kafa teburin wake daidai tsallaken nawa. Ashe shi ya ba ta shawara! Na haɗiye. Ranar Talata ina ɗaga kai sai ga shi a layinta, direbobin motocin haya na turoturo na kallona suna dariya. Da na yi magana, wai mai saye yana da 'yanci, kuma gasa alheri ce gare ni. Mutumin da kullum nake kankare wa ƙanzon gindin tukunya in ajiye masa! Limanmu ya sha roƙona in sayar masa da ƙanzon nan, na ƙi. Abin ya ci mini rai, masu saye sun ragu, kunya ta ishe ni. In tashi daga wurin ne, ko shi zan tasa daga gidan?

Mai Wake, Nima

'Yar'uwa, sauke tukunyar, ba wanda zai tashi. Maigidanki bai yi ƙarya ba. Titi na kowa ne, kuma 'yancin da ya nema miki jiya shi Lailatu take mora yau. Mu masu sayen wake mun lura da yawanku kun daina gyara a shekarun wahala, har yau ba ku dawo da ita ba. In kina cikinsu ki dawo da ita, ki riƙa gaida Lailatu da safe.

Amma shi ma ya yi kuskure, ya ɗauka gida ma kasuwa ce. Da ya gaya miki kafin ya ba da shawarar nan. Kada ki yi faɗa, mai rubutu a jarida ba a kayar da shi da baki. Da karatunsa za ki bi shi. In mai saye yana da 'yanci, ai mai sayarwa ma tana da shi. Gobe ki ɗora ƙanzon a tebur, wanda ya riga zuwa ya samu. In maigidan ya buɗe kwanonsa ya tarar wayam, ki gaya masa cikin fara'a cewa liman ya riga shi. Ranar zai gane shekara da shekaru yana cin abin da ba a taɓa sa wa farashi ba.

In ya ba ki haƙuri, kada ki ja, mayar masa da ƙanzonsa. Allah ya sa albarka a tukunyarki, ya bar ku tare.