Sabuwar kwalbar asid

Litinin, 2 ga Maris 1964
Bature ma'aikacin labo, ɗakin awon jini na asibitin Tamanrasset, ya koma ƙasarsu, ya bar ni ni kaɗai da kwalabe da jinin mutane. Na roƙi babban likita hutu in je Damagaram in ga matata Sauda da jaririyar da ban taɓa ɗauka ba. Ya ce wa zai auna jini? Takarduna na tafiya ma suna buro ɗinsa, wato ofishinsa.

Alhamis, 5 ga Maris
Asid ɗin da nake haɗa awon suga da shi ya ƙare. Tsohon ƙarfinsa goma cikin ɗari ne, Bature ya koya mini in zuba rabi asid rabi ruwa, ya dawo biyar. Sabon da ya zo daga Alje, babban birnin ƙasar, ashirin da biyar ne. Nawa zan zuba? Hannu aka koya mini, ba lissafi ba. A lekkol ma, makarantar boko, a raba lamba na tsaya.

Asabar, 7 ga Maris
Ban auna kowa ba. Na ce na'ura ce ta lalace.

Talata, 10 ga Maris
An kawo Malam Jaji mai karantar da mu a masallacin 'yan kasuwa, ƙishirwa da fitsari sun rame shi. Likita ba zai yi masa allura ba sai ya ga lamba. In na yi kuskure, allurar ce za ta kashe shi. Na zauna bakin gadonsa, ban san lokacin da na faɗa masa komai ba.

Bai yi faɗa ba. Shi da ke raba gado, ya ce in kawo takarda. "Mika'ilu, asid shi ne dukiyar, ruwa magada. Magada sun ƙaru, dukiya tana nan yadda take." Ashirin da biyar ya koma biyar, wato kashi ɗaya cikin biyar. Mililita ashirin na asid, in cika da ruwa zuwa ɗari.

Na haɗa, na auna jininsa, na maimaita awon. Lamba ɗaya ta fito. Sugansa ya hau ƙwarai.

Juma'a, 13 ga Maris
Malam ya tashi zaune, ya nemi shayi. An hana shi suga, yana ta mita.

Lahadi, 22 ga Maris
Na lissafa haɗin sauran kwalaben da kaina, ba wanda ya sa ni. Sha'ibu direba zai sauka Damagaram. Na ce ya tambayi Sauda ko za ta iya sanyin Tamanrasset, ta zo nan da jaririyar. Na ɗan lokaci ne kawai.