Sau Uku Na Mayar da Auta

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Yaya aikin asibiti, yaya kuma gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Maman yara ta koma bakin aiki, tagwaye sun shiga aji uku, kullum sai an raba faɗa a kan fensir guda. Baffa ma yana nan da ƙarfinsa, sai dai kunnen ya ƙara nauyi, abin da yake so kaɗai yake ji.

Na san za ki yi mamaki, ga waya a hannu amma na zauna ina rubutu kamar ɗan makarantar kwana. Yaya, a waya na saba yi miki ƙarya. Da kin ce yaya Auta, kafin ki rufe baki na ce lafiya lau. Shi ya sa na ɗauki biro, in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo miki, don kada muryarki ta sa in sake haɗiye maganar.

A farkon zangon nan jami'armu ta shigo da sabon darasi na dole ga 'yan shekarar farko, a kan hana cin zarafin mata. Malaman fannin ba su isa ba, sai aka ce kowane sashe ya ba da mutum ɗaya. Shugaban sashenmu ya duba jadawali, ya ga ba ni da aji ranar Laraba da safe, shi ke nan aka rubuta sunana. Ni da na shekara goma sha shida ina koyar da lissafi! Aka yi mana horo na mako biyu, aka ba mu littafi, aka tura ni babban ɗakin lacca mai cin mutum ɗari huɗu, fanka biyu kaɗai ke juyawa, lasifika kuma sai ta ga dama. Ban ɗauki abin da zafi ba wallahi. Karanto musu nake yi kamar jadawalin sau, samarin baya suna ihu suna cewa su ma ana cin zalinsu, in yi dariya in wuce. Malamar da ta horar da mu, daga sashen shari'a take, ta ba mu shawara mu riƙa ajiye kwali a bakin ƙofa, duk mai tambayar da yake jin nauyin yi a fili ya rubuta ba suna ya jefa.

A mako na shida muka yi babin masu gani su yi shiru. Bayan an tashi na kai kwalin ofis, na haɗa shayi, ina buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Yawanci shirme ne, wai ko wannan zai fito a jarrabawa. Sai na kai kan wata da aka ninke sau huɗu. Mai rubutun ta ce an yi musu bayanin mai duka, da wadda ake duka, da mai gani ya kau da kai, amma ba a faɗa musu yadda littafin yake kiran wanda yake buɗe wa uwarta ƙofar mota ya mayar da ita gidan da ta gudo daga cikinsa ba. Ta ce kawunta ne, kuma mutumin kirki ne, har tsayawa yake yi a hanya ya saya musu lemo. Ta ce tun tana shekara 7 take zama a kujerar baya. Yaya, bakwai ɗin nan da ɗan layi a tsakiyarta, ni na koya wa Mai Sunan Inna, 'yar ƙanwarmu Auta ta fari, yin ta haka a kan teburin cin abincinmu. Na san tana cikin ajin, ni ne ma na ce kada ta riƙa gaishe ni a makaranta don gudun surutun mutane. Shayin nan har ya huce ban taɓa shi ba.

Bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Sau uku na mayar da Auta gidan mijinta. Na farko ta zo da leɓe a fashe, ta ce ƙofa ce ta buge ta, na yarda domin yardar ta fi mini sauƙi. Na biyu ba ta ma yi ƙaryar ba, ta ɗaga mayafi ta nuna wa maman yara bayanta. Na uku bara ne. Muka isa ƙofar gidan, ta riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu ta ƙi fita. Na kashe mota, na yi mata doguwar lacca a kan haƙuri da makomar yara. Mijin ya fito daga shagonsa na kayan mota yana goge hannu, yana murmushi, yana kira na Farfesa, ni ko Dakta ban gama zama ba. Kuma na ji daɗin kiran, Allah ya yafe mini. Duk wannan abu, yarinyar nan tana kujerar baya tana kallo.

Ranar Lahadin da ta wuce Auta ta sake zuwa. Wannan karon yatsu biyu na hannun dama ya karya mata, hannun da take ɗinki da shi. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da hakan yake nufi ga tela. Mun je asibiti an ɗaure, likita ya rubuta abin da ya gani, na karɓi takardar na adana. Da muka dawo na yi abin da littafin ya ce a fara da shi, wanda ni da hankalina ban taɓa yi ba: na tambaye ta me take so. Ta ce shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta ce ba ta son komawa, tana tsoron wata rana gawarta za a fito da ita.

To ga inda maganar ta tsaya. Mijin ya riga mu zuwa wurin Baffa, ya yi kuka, ya rantse ba zai sake ba. Baffa ya sa ranar Asabar mai zuwa, ya ce in kawo ta a mota kamar yadda na saba. Na ce masa ba zan kai ta ba. Ya ce boko ya juya mini kai, ya ce tun rasuwar Baba ke ce babba a ɗakinmu, daga bakinki kaɗai zai ji. Na san halinki, na san za ki fara tuna yara huɗu da abin da mutane za su ce, domin ni ma da su na riƙa rufe mata baki. Kuma in kika ce ta koma, Auta za ta koma, ba ta taɓa yi miki musu ba. Don Allah ki kira Baffa kafin Asabar. Amma kafin shi ki kira ta, ki yi mata tambayar da na yi mata, ki yi shiru har ta gama. Ban taɓa tsallake maganarki ba, Yaya, amma in ta kai ga haka wannan karon zan tsallake, kuma gara ki ji daga gare ni.

Ki gaishe mini da maigida, da babban ɗanmu mai karatun injiniya, da 'yar lelen babanta. Maman yara da tagwaye suna gaishe ki. Auta ma ta ce in gaishe ki, tana ɗakin baƙi. Na faɗa mata nan gidanta ne, na rantse mata, amma har yau ba ta kwance jakarta ba. Ɗazu na ɗauki makullin mota zan je sayo mata magani, ko da na waiga sai na gan ta tsaye da mayafi a kanta, jaka a hannun hagu, tana jira.

Naki ƙane mai neman afuwa,
Malamin lissafi