Ba a Sayar wa Mai Shinge Gidan Nan

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce daga baya maganin likita ne ya yi magana. Ku uku nake nufi: Babba, Malama da Auta.

Na ɗaya, gida. Naku ne ku uku, ban fifita kowa ba. Amma ban yarda a sayar wa maƙwabcinmu Mai Shinge ba, ko ɗansa, ko wanda zai turo da wata fuskar.

Kun san aikina amsa waya ne a asibitin haƙori. Mutum zai yi ta hira da ni a waya yana yabon ladabina, washegari ya shigo, ya tsaya gaban teburina yana leƙen bayana, yana neman matar da ya yi magana da ita, don bai yi zaton baƙar fata ce ba. Da muryar nan na samo gidan nan. Mun gama komai da dillali a waya. Ranar da ya ga baƙar fatata da ta babanku sai ya hau laluben aljihu, wai ya manta makulli. Babanku ya zauna a kan matakala ya ce ba ma sauri. Makulli ya fito daga aljihun da aka ce babu.

Makon da muka tare maƙwabci ya ɗaga shingensa har ya wuce tagarmu, shi ya sa kuka tashi kuka ji muna kiransa haka. Matarsa kuwa ta same ni ina shara a ƙofata, ta tambaye ni ko ina da ranar da zan zo in share mata nata. Na tsufa a layin nan, har yau ba su riƙe sunana ba, amma duk shekara sai sun tambaya ko za mu sayar.

Na biyu, Babba. Na san ba kwaɗayi ne ya sa kake cewa a sayar ba. Tsoro ne, kuma kana da dalili. Auta ne, da gemunsa da rigar aikinsa, 'yan sanda suka kwantar a ƙofar gidan da aka haife shi, da rana tsaka, don kawai ya tsaya yana neman makulli a jaka. Mai Shinge ne ya buga waya wai ga ɓarawo. Yaron da ya girma a gaban idonsa! Ina kallo ta taga, gwiwar wani a bayan ɗana, ƙafata ta ƙi kai ni ƙofa da sauri. Har yanzu in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Amma ka gaya mini ina za ku? Kafin gidan nan mun yi ta tashi daga haya zuwa haya har na gaji da ɗaure katifa, kuma kowane layi da nasa mai buga waya. In kuka sayar, kun koya wa Mai Shinge cewa wayar tana aiki.

Na uku, Malama. Kin kira yayanki matsoraci a gaban matarsa, tun ranar ba ku gaisa. Bakina kika gado, na sani, amma ba don yayanki na ba ki shi ba. Ki je gidansa da ƙafarki ki ba shi haƙuri. Kai kuma Babba ka karɓa ba tare da dogon jawabi ba.

Na huɗu, kaya. Agogon babanku na Babba ne. 'Yan kunnena da keken ɗinki na Malama. Auta, kai za ka zauna a gidan, in ka yarda. Ba dole na yi maka ba, kai aka taka a ƙasa, ba ni ba. In ba za ka iya ba, ɗaya daga cikin yayyenka ya dawo, kada a bar shi a rufe. Takardar yabon da asibiti suka ba ni ta ma'aikaciya mai fara'a, ku cire ta daga bango ku zubar. Fara'ar dole ce, na tsane ta.

Na biyar, tsohuwar ƙarshen layi. Farar fata ce kamar su Mai Shinge, amma ita kaɗai ta fito ranar, da sandarta, tana yi wa 'yan sanda tsawa har suka ɗaga Auta. Ku riƙa duba ta kamar yadda za ku duba ni.

Na shida. In na rasu Mai Shinge zai zo gaisuwa, ya marairaice fuska. Ku ba shi kujera, ku ba shi ruwa, ba a wulaƙanta baƙo a gidana. In ya ɗauko maganar gida, ku raka shi ƙofa. Ban yafe masa ba, kuma kada wani ya yafe a madadina.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da ƙofar gida, ya haɗa kanku bayan raina. Ku yafe mini abin da na yi muku, ni na yafe muku duka. Ku riƙa taruwa a nan da matanku da mazanku da 'ya'yanku, ku buɗe tagogi, ku yi dariya da ƙarfi. In an kai ƙara wai kun yi yawa, ku ƙaro.