Kwandunan Bahaguwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri daga ƙanwarki da nisa ya ɓoye. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki da yara da jikoki, Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya raba ki da ciwon gwiwar nan da ya matsa miki bara. Allah Ya ji ƙan Inna da Baba, Ya kai haske kabarinsu. Ni ma nan lafiya nake, sai godiya. Auta tana can garin da take karatu, tafiyar awa shida a mota tsakaninmu. Takan kira ni ranar Lahadi, rabin hirar tana taunar wani abu, rabi tana cewa in daina damuwa. Yayanta kuwa tun da ya yi aure ya koma kusa da wurin aikinsa, sai dai in ga hoton jaririya a waya. Tun rasuwar babansu gidan ya yi mini girma, ko da yake ɗaki biyu ne kacal. Har yau in na ɗora ruwan shayi sai in ga na zuba na mutum biyu.

Kin sha tambayata wane irin aiki nake yi, ni kuma ina ce miki shago ne kawai. Yau zan buɗe miki, domin wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. Shagon namu ƙarami ne, a wani layi mai gangara, tsakanin mai gyaran takalma da kantin magani. Kayan hannu muke sayarwa, waɗanda masu sana'a na ƙasashe daban-daban suke yi a gidajensu: kwanduna, tukwane, mayafan saƙa, cokulan itace, jakunkunan fata. Uwar ɗakina, mai shagon, ta kafa shi ne a kan sharaɗi. Babu dillali a tsakani, mai sana'a shi ke yanka wa kayansa farashi, a sallame shi kafin kaya su bar ƙofar gidansa, kuma kowane abu ya zo da sunan wanda ya yi shi. Ni ba a gaba nake ba. Wurina ɗakin baya ne, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Ni ke farke kwalaye, in duba kaya ɗaya bayan ɗaya, in kakkaɓe, in ɗaura wa kowanne ɗan kati mai hoton mai shi da sunansa. Shekara takwas ke nan. Wata rana sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai direban da ke sauke kwalaye, shi ma gaisuwar tasa ɗaga gira ce.

A cikin masu aiko mana da kaya akwai wata tsohuwa mai ɗinkin kwanduna, a wani ƙauye na wata ƙasa da ban taɓa takawa ba. Sunanta yana karya mini harshe, don haka na laƙaba mata Bahaguwa. Tun kwalinta na farko na gane da hagu take aiki, domin zagayen ɗinkinta baya-baya yake tafiya, kuma inda take rufe bakin kwando yana kwanciya ta ɓangaren da ba a saba ba. Kin san idon da Inna ta ba mu, lokacin da take zaunar da mu da kaba da basilla, tana warware duk layin da muka yi sako-sako. A hoton katin tsohuwar tana dariya, haƙoran sama duk sun zube, kai ɗaure da wani koɗaɗɗen ƙyalle. Sau biyu a shekara kwalinta ke zuwa. Kada ki yi mini dariya, Yaya, amma in na buɗe shi nakan yi mata sannu da aiki da Hausa, in tambaye ta ya gida, in ba ta labarin Auta. Kwalin da ya zo bayan rasuwar mai gidana, a gefensa na durƙusa na yi kukan da na kasa yi a gaban mutane.

Wata uku da suka wuce kwalinta ya iso. Ina ɗaga kwando na farko na gane akwai matsala. Kyakkyawa ne, ɗinki ya tsuke, launi ya zauna, amma hannun dama ne ya yi shi. Na zazzage kwalin gaba ɗaya a kan tebur, babu ko ɗaya na hagu. Takardar da ta rako kayan kuwa sunanta ne a jiki kamar kullum.

Ga abin da ya ɗaure ni. Akwai doka a shagon, duk wanda aka kama ya sa sunansa a kan aikin wani, an rabu da shi ke nan. Dokar ba mugunta ba ce. An sha samun 'yan kasuwa da ke kwaso kayan inji, ko su saye na matan ƙauye a wulaƙance, su manna hoton wata tsohuwa mai murmushi su ce ita ta yi. Ke ma kin tuna mutumin nan mai keke da ke zuwa ya kwashe fayafan da Inna ta yi wata guda tana ɗinkawa, ya jefa mata abin da ya ga dama, har muka girma ba mu san inda suke ƙarewa ba. Amma wannan karon, in na buɗe baki, tukunyar gidan tsohuwa zan kife. In na yi shiru kuma babu mai ganewa, domin a shagon kaf ni kaɗai na san hagu da dama a ɗinki.

Shirun na yi, Yaya. Na ɗaura katunan da hannuna, na kai gaba aka jera. Kwana tara ina haka, abinci ba ya yi mini daɗi. Rana ta goma mai tsaron gaba ba ta zo ba, aka ce in tsaya a madadinta. Sai ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda duk shekara yake sayen kwando ɗaya na Bahaguwa saboda matarsa da ke zuba zaren saƙa a ciki. Ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce matarsa ta ce ya tambaya ko tsohuwar tana nan lafiya, wai sa'arta ce, kuma tana jin ƙarfi in ta tuna akwai wata can da hannunta bai gaji ba tukuna. Na ce masa lafiya lau take. Na naɗe masa, ya yi godiya ya fita. Kafin ya kai bakin titi na ji kamar in bi shi da gudu. Ban bi shi ba, sai na ɗauki kwando biyu, tsoho da sabo, na wuce ofishin uwar ɗakina na dire mata su.

Ta juya su ta sake juyawa, ta ce ita ba ta ga bambanci ba. Sai da na kama yatsanta na bi da shi a kan zagayen ɗinkin. Ta tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira wakilinmu na can, mutumin da ke zagaya ƙauyuka yana tattara kaya. Ya rantse ya sake rantsewa cewa tsohuwa ce ta yi, har yana cewa wace ce wannan ta ɗakin baya da za ta koya masa aikinsa. Da aka matsa shi ya amsa cewa ya fi shekara bai shiga gidan ba, a bakin hanya ake miƙo masa kaya. Aka ce ya je ya gani da idonsa.

Bayan kwana huɗu ya kira, muryarsa ta yi sanyi. Tsohuwa tana raye, amma tun farkon shekara ɓarin jikinta ya shanye, kuma na hagun ne. Matar ɗanta ce ke ɗinkin, mace mai 'ya'ya huɗu da mijinta ya tafi neman aiki aka daina jin ɗuriyarsa. Tsohuwa takan zauna gefenta a jingine da bango, tana yi mata nuni da haɓa, in layi bai yi mata ba ta sa a warware. Matar ta so a faɗi gaskiya tun farko, tsohuwar ce ta hana. Ta gaya wa wakili cewa ba tsoron yunwa kaɗai ba ne. Ta ce shekara sittin tana ɗinki ba wanda ya san sunanta bayan ƙauyensu, sai da ta tsufa aka buga shi a kati, yanzu kuma a ce za a cire shi tana ji tana gani.

Aka kira taro, mu shida. Wanda ke kula da dokokin sayen kaya ya ce doka doka ce, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe goma za su biyo, kuma amanar masu saye ita ke riƙe da shagon. Ba ƙarya ya yi ba. Ni a shekara takwas ban taɓa cewa uffan a taro ba, kin san yaren mutanen ƙasar nan har yau yana yi mini gardama in raina ya ɓaci. Amma na miƙe. Na ce an yi dokar ne don a kare irin wannan tsohuwa daga masu cin guminta, ba don a kore ta ranar da hannunta ya mutu ba. Na ce in hukunci za a yi a fara da ni, tunda ni ma kwana tara ina kallon katin ƙarya da na ɗaura. Na ba su labarin yadda Inna take koyarwa, na ce wadda ta zauna tana sa a warware layi ita ma tana cikin aikin. Rabin maganar da hannu na yi ta.

Ba duk abin da na so na samu ba. An bar gidan a cikin masu aiko da kaya, amma an janye kwandunan daga gaba har sai an buga sabon kati, kuma an rubuta wa duk wanda ya saya aka san inda yake, an ba shi haƙuri. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu. Dattijon nan na roƙa a bar ni in kira shi da kaina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai san yadda zai gaya wa matarsa, kuma har yau bai sake shigowa ba. Wakili kuwa, da yake shi ma ya sha faɗa, ya daina sa gaisuwata a saƙonninsa. Sabon katin yana ɗauke da su biyu, matar ɗa a gaba riƙe da basilla, tsohuwa a bayanta, an rubuta wadda ta ɗinka da wadda ta koyar.

Makon jiya wakili ya kai musu katin, sai ya kira ta bidiyo, wai tsohuwa ta ce a nuna mata mai idon nan. Shekara takwas ina hira da hoto, sai ga ta tana motsi. Ta rame, bakinta ya karkace, babu dariyar nan. Ta daɗe tana kallona. Ta yi magana a hankali, wakili yana fassarawa ba da son ransa ba. Ta ce na tona mata asiri, kuma ba ta gama hucewa ba. Sannan ta tambaya wa ya koya mini ɗinki. Na ce mahaifiyata, ta rasu. Ta ce to ta koyar da kyau. Ta ɗaga hannun dama, ta yi alamar a kashe wayar. Shi ke nan, bai kai minti biyar ba. Na zauna a ɗakin baya cikin kwalaye ina neman wanda zan gaya wa cewa yau wata a ƙarshen duniya ta yabi Inna, na rasa. Yarana ba su yi wayo a gabanta ba. Ke kaɗai kika rage da za ki san nauyin maganar.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa. Yaya, wasiƙunki biyu na ƙarshe ba rubutunki ba ne. Wadda ta rubuta ta yi ƙoƙari, har jelar da kike ja wa harafin ƙarshe ta kwaikwaya, kuma ina zargin 'yarki Takwara ce, ki yi mata sannu. Amma a littafinki na koyi rubutu, ba zan kasa gane hannunki ba. A waya kuma kullum lafiya lau, sai ki juya hira zuwa jikoki. Ban sani ba ko ido ne, ko hannu, ko abin da ya fi haka. Wata biyar ina jira ki faɗa da kanki, ina tsoron in tambaya ki ji haushi. To ki ji haushin, na yarda. Ni ba baƙuwa ba ce da za a riƙa aiko wa labari mai daɗi kaɗai don tana nesa. Na nemi hutu, an ba ni mako uku a ƙarshen wata mai zuwa, kuma na riga na yanki tikiti, don haka kada ki ɓata bakinki wajen cewa in zauna. Abin da nake roƙo kawai, ki sa a gaya mini gaskiya kafin in iso, kada in ɗaga labulen ɗakinki in gan ki in fashe da kuka a gaban jikokinki.

Ki gaishe mini da mai gidanki da kyau, ki ce masa ya fara yin ban kwana da kujerar nan tasa ta tsakar gida, domin in na zo tawa ce. Ki gai da Kawu, Allah Ya ƙara masa sauƙi, da Goggo ƙarama, da Baffa tela da iyalinsa. Ina gai da Takwara, ki ce mata ban yi fushi ba, da 'yan biyu, da maƙwabciyarki mai awaki in har yanzu tana tuna ni. Auta da yayanta suna gaishe ki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa in same ki kina da ƙarfin yi mini faɗa.

Wassalam. Taki har kullum,
Ƙanwarki.