Inna Ta Kira Sunanka

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Ikko?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da na raka Inna asibiti Zariya, likita ya ce ciwon dajin nononta ya hau ƙwaƙwalwa, shi ke sa ta mantuwa. Ta hana ni faɗa maka.

To shekaranjiya tana tankaɗe, sai ta kira sunanka na yanka a gaban kowa. Inna fa, da ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba!

Na so in ɓoye takardar nan a littafina na soyayya, amma gobe kasuwar Maƙarfi ke ci, zan ba direba ya kawo maka. Ka zo tun tana iya kiranka. A sa mu a addu'a. Gai da yara.

Ƙanwarka,
Ladi