Murhun Rana a Habbena

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna?

Mu nan unguwar Habbena a Injamena lafiya lau, wutar girki ce kawai ta gagare mu. An hana gawayi, gas kuma ya ɓace. Har kujerata na faskara na dama wa ɗana Bakari kunu.

Maƙwabciyata ta ara mini murhun rana, na kwali mai ƙyalli. Yana dafa shinkafar da nake sayarwa, amma kafin ta nuna masu saye sun watse.

Kada ki gaya wa Inna. Damina ta kusa, Yaya. In hadari ya rufe rana, ban san me zan ba yaron nan ba. Don Allah ki zo ki ɗauke shi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Hansai