Zanen Gyara

Ranar Litinin

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mamanki. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da wannan jikan nawa mai yaga mini takardu. Mu nan ƙalau muke, sai dai gwiwar Mamanki da ke tashi in an yi sanyi, ita ma da sauƙi.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta sau biyu, na farko don in ji labari, na biyu don in tabbatar da gaske kike. Wato kin yanke shawarar ajiye aikin ofis ki koma cin gashin kanki, ki riƙa tsara wa mutane tallace-tallace a kwamfuta daga ɗakinki. Kuma kika ce ni da na shekara ashirin da shida ina zanen littattafan yara ba mai juya ni, in gaya miki abin da na koya. Mamanki ta ce yau za a sha wa'azi. Na ce ta ƙyale ni, ba kullum 'ya ke neman shawarar ubanta ba, galibi sai an gama ƙulla abu ake sanar da mu.

Kin ce kin gaji da shugaba. To ki sani mai aikin kansa bai rabu da shugaba ba, ƙaruwa suka yi masa, don duk wanda ya ba ki aiki shugabanki ne har ranar da kika miƙa. Ni abin da ya riƙe ni shi ne ban taɓa jiran wa'adi ya cika ba. In an ce Juma'a, Talata ina bakin ƙofa da jakata. Sannan kowane aiki ina ƙara zane ɗaya da ba a nema ba, irin gyaran da mai tumatir ke ɗora miki bayan ya gama awo. In na kammala na ainihi da siririn alƙalami, sai in ɗauki ƙaton burushi in sheƙa wani abu cikin minti biyar, akuya ko tsoho a kan keke, in cusa a ƙarshen jaka. Ba a buga shi, ba a biya na, ba a ma taɓa yi mini maganarsa ba. Amma ni na san yana can.

Za a gaya miki kada ki rataya duk rayuwarki a wuyan mutum ɗaya. Gaskiya ce, sai dai ubanki bai bi ba. Kin tuna Mai Jan Biro, editar kamfanin littattafan nan da ku da yayyenki kuka laƙa wa suna saboda yadda take zagaye mini kurakurai? Shekara goma sha bakwai ke nan, kashi biyu cikin uku na aikina daga teburinta yake fitowa. Mace ce mai kaushin baki, ba ta taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba. Yabonta shi ne ta sake kira.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: mai ba ki aiki ba ɗan'uwanki ba ne. Kada ki kai masa kukan ciwo ko na gajiya, don ranar da ya ga kin raunana zai fara waige. Na zana littafi guda da zazzaɓi a jikina ba wanda ya sani. Ranar da aka haife ki ma sai da na biya na miƙa aiki kafin na wuce asibiti, kuma har yau Mamanki ba ta yafe mini ba.

Yanzu haka Mai Jan Biro ta ba ni sabon littafi, labarin wata kyanwa da ta shiga motar haya ta ƙi sauka. Zane talatin da shida, cikin wata biyu. In kin ga rubutuna ya ɗan karkace, biron ne, na banza ake yi yanzu.

Allah ya yi miki albarka, ya sa alheri a abin da kika nufa.

Naki,
Baba

Ranar Alhamis

Autata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mako shida ban rubuto miki ba, kuma na san Mamanki ta riga ni, ta gaya miki a waya cewa na zubar da shayi a kan rigata sau biyu. Tunda ta fasa, bari in ƙarasa da bakina. Ba biro ba ne. Hannuna na dama ne yake rawa.

Ya fi shekara da farawa. Da can sai na gaji yake yi, yanzu ko da safe ne da na ɗora bakin alƙalami a takarda sai in ga yana karkarwa. Kin san teburina na gefen taga, da kwalaben tawada a jere da gilashin da nake duba ƙananan layuka. A nan nake wuni, kwandon shara na cika. Jikin kyanwar ba ya ba ni wahala sosai, gashin bakinta ne ya zame mini bala'i. Layi shida ne sirara da ake ja da numfashi ɗaya, ni kuwa nawa suna fitowa kamar tsutsa. Jiya kyanwa ɗaya na zana sau goma sha huɗu. Na riƙe wuyan hannun da hagu, na ɗora shi a kan littafi, na daina shan shayi, duk a banza.

Mamanki ta ja ni asibiti da faɗa. Likita ya sa na miƙe hannuwa, na taɓa hanci, na zana da'ira. Ya ce ba abin da zai kashe ni ba ne, amma kuma ba mai tafiya ba ne, magani zai rage kaɗan. Na tambaye shi siririn layi fa, sai ya kama gyara takardun gabansa.

Zane goma sha ɗaya na gama cikin talatin da shida, saura kwana goma sha biyu. Mai Jan Biro ta kira sau biyar cikin mako uku. Ina kallon wayar tana haske a kan tebur har ta gaji ta mutu. Ni da ake kafa misali da ni a ofishin nan, yau ni ke ɓuya kamar yaron da ya fasa tulu. Wallahi Auta tsoro nake ji. In matar nan ta juya mini baya ba ni da wani wurin, kuma wa zai ɗauki tsoho mai rawar hannu? Ba cin abinci nake tunani ba, yayyenki ba za su bar mu da yunwa ba. Ban san ko ni wane ne ba in ba na kai aiki.

Mamanki ta ce in je in faɗa mata gaskiya. Na ce ba ta san harkar ba. Ta ce ita dai ta san ni, kuma ta ga ranar da girman kai zai kai ni ya baro. Ba mu yi magana ba har la'asar.

Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan jikana.

Babanki

Ranar Laraba

Autata abar alfaharina,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, ke da mutanen gidanki. Saƙonki ya same ni, na kuma ji faɗan da kika yi mini a ciki. Halin uwarki kika ɗauko kaf.

Na je. Washegarin da na rubuto miki na sa riga mai kyau, na ɗauki zanen goma sha ɗaya, na hau matakalar nan ta ofishinsu da na saba hawa da gudu, ina tsayawa a kowane hawa kamar mai ciwon ƙafa. Na same ta a bayan tarin takardu, jan biron a hannu. Ban iya tsara magana ba. Na ajiye jakar, na miƙa hannuna a saman teburinta na bar shi ya faɗa da kansa.

Ta dube shi, ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce ai ta gani tun a littafin bara, a igiyar guga da wayoyin keke, tana jira ne in faɗa. Sannan ta wanke ni tas. Ta ce hannu na Allah ne, ba ta da ta cewa a kai, amma shirun mako uku nawa ne. Da na gaya mata tun farko da ta raba aikin ko ta ƙara mini lokaci, yanzu kuwa maɗaba'a ta riga ta tsayar da rana. Ta karɓe littafin kyanwa gaba ɗaya ta ba wata mai zane, har goma sha ɗayan nawa ba za su shiga ba, don hannu biyu ba ya haɗuwa a littafi ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na miƙe zan tafi, ta ce wa ya sallame ni. Ta jawo aljihun teburinta na ƙasa, ta fito da wani kumburarren fayil ta kwance igiyarsa. Auta, zanen gyara ne. Duka. Akuyar nan, tsoho a kan keke, matar da iska ta ɗauke wa laima, har wani jariri mai hamma da na yi a shekarar da yayarki ta haihu. Hamsin da takwas, kowanne ta rubuta shekararsa a baya da jan biro. Ni da nake zaton a kwandon shara suke ƙarewa.

Ta jera na bana da na bara kusa da na shekara goma da suka wuce, ta ce in nuna mata inda hannun ya yi rawa. Na duba, na sake dubawa, ban gani ba. Burushi mai kauri ne, kuma da sauri nake yi, kafin hannun ya tuna ya kamata ya karkarwa na riga na wuce. Ta ce ta daɗe tana ganin waɗannan sun fi na alƙalamin rai, amma ta san taurin kaina, da ta faɗa da na yi fushi na shekara.

Ta ba ni wani ƙaramin littafi, zane goma sha biyu, da burushi. Ta ce gwaji ne, ba ta yi mini alkawarin komai ba bayansa. Sharaɗinta ɗaya: kowace Laraba in kira ta in faɗi inda nake, da daɗi ko ba daɗi.

Saboda haka ki ɗauko wasiƙata ta farko. Maganar kai aiki da wuri tana nan, ta gyara ma tana nan. Amma wurin da na ce kada ki bari mai aiki ya ga rauninki, ki ba jikana ya yaga, ya iya. In abu ya lalace miki, ki kira tun ranar, tun ana iya yin wani abu a kai.

Yau Laraba ce, kuma na kira ta ɗazu da hantsi. Mamanki na tsaye a kaina kamar ɗan sanda. Na ce mata zane biyu kawai na gama, Litinin hannun ya ƙi sam, ban taɓa komai ba. Ta ce, "To, na ji. Sai Laraba." Ta kashe wayar. Shi ke nan fa, Auta. Shekara ashirin da shida ina ɓoye zazzaɓi da gajiya don tsoron abin da za a ce, ashe abin da za a ce ke nan.

Ki duba cikin ambulan, akwai wata 'yar takarda a naɗe. Zanen jikana ne yana yaga wasiƙa. Gashin kansa ya ɗan karkace, na bar shi haka. Wannan gyaranki ne.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu aiki na gari, ko da masu kaushin baki ne.

Naki har kullum,
Baba